Ranar Da Na Ce Ban Ji Zafi Ba

Jirgin ƙasan Nguru ya sauke mu a tashar Kano da hantsi, ni da Goggo Dije ƙanwar babana, da jaririyata a bayana. Tun daga Malam Madori babu wanda ya zauna kusa da ni a kan benci, ga shi kuwa jirgin a cike yake maƙil har bakin ƙofa. Wata mata da ta shigo a Ringim da kajinta ta dubi fuskata sau ɗaya, ta gwammace tsayuwa har Kano.

Ban ga laifinta ba. Jan tabo ne ya fito mini a kumatu biyu, ya haɗe ta kan karan hanci. Gashina yana bin mataji, yatsuna sun kumbura ba na iya ɗaure zane da kyau, bakina duk gyambo, ga zazzaɓi mai zuwa ya tafi.

A cikin jego abin ya faro. Ni 'yar Fulanin gida ce, aka aurar da ni gidan masunta a wani ƙauye cikin fadama, gabas da Haɗeja. Da na haihu, dangin maigidana suna kawo mini farfesun tarwaɗa, dangina kuma suna aiko da kindirmo. Wata rana yunwar jego ta sa na ci kifin, na kora da nonon a zama ɗaya. Iya, uwar maigidana, ta gani. A wurinmu kowa ya taso da jin cewa kifi da nono idan suka haɗu a ciki kuturta suke haifarwa. Da tabon ya fito bayan arba'in, Iya ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki kwanona ta rataye shi daban a jikin danga. Bayan kwana kaɗan ta ce a cire yarinyar daga nonona a kai ta wani gari, wurin wata mai shayarwa a danginsu.

Maigidana ne ya roƙa a dakata. Bulama ya ce akwai wani sansanin Turawan mishan can kudu da Kano, inda ake duba masu ciwon fata, wanda ba kuturu ba a ba shi takarda. Takardar nan na fito nema, don a bar mini 'yata.

Ita ce 'yar farina. Saboda haka ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, ko an tambaye ni lafiyarta sai in sunkuyar da kai. Haka aka koya mana. Amma ko a jirgi, duk bayan ɗan lokaci sai in kai hannu baya in taɓa tafin ƙafarta, in ji ko da ɗumi.

A bakin tashar Kano muka gamu da mai maganin. Yana sanye da kwat a kan 'yar shara, ya jera kwalabe a kan akwati, kowace da hoton wani ƙato mai damatsa. Da ya hango ni bai kau da kai ba. Ya taso ya zo har gabana, ya kama hannuna ya juya shi yana dubawa. Wata biyu ke nan babu wanda ya taɓa ni sai yarinyar.

Ya ce, "Baiwar Allah, wa ya ce miki mugun ciwo ne? Jini ne ya ƙare miki wurin haihuwa. Wannan maganin ƙarin jini ne daga Ikko, matan Turawa shi suke sha. Kwana bakwai, fuskarki za ta koma kamar ta amarya."

Goggo ta ja ni, ta ce, "Adama, mu tafi."

Ban tafi ba. Na zare munduwar azurfa da mahaifiyata ta bar mini na miƙa masa, ya ba ni kwalba biyu. Muna zaune a inuwar wani kanti muna jiran mota na buɗe ɗaya na kurɓa. Zaƙi kawai. Goggo ta karɓa ta ɗanɗana, ta tofar.

"Zoɓo ne da sukari. Zoɓon ma na jiya."

Muka koma wurin, babu shi babu akwatinsa. Duk da haka sai da na shanye kwalaben nan biyu a hanya, ina cewa a raina wataƙila Goggo ce ba ta san magani ba.

Da direban motar ya ga fuskata ya ce sai dai mu hau can baya, kan buhunan gishiri, inda babu rumfa. Yini guda rana tana dukanmu. Ji nake kamar ana goga mini barkono a kumatu. Wani dattijo, tsohon soja ne ga alama don da lambobi a rigarsa, ya cire malafarsa ya miƙo mini da tsinin sanda, ya ce, "Rufa wa ɗiyar." Da za mu sauka na miƙa masa abarsa, ya ce in riƙe. Har yau ban sani ba ko tausayi ne, ko kuwa ba ya son sa abin da na taɓa. Malafar tana nan a ɗakina.

Ƙasar da muka sauka ƙasar duwatsu ce, ja wur. Babu kogi, babu goruba, ruwansu daga rami suke jawo shi. Sansanin bukkoki ne a jere, da ɗakin shan magani mai kwano, da coci, da wani dogon gini fari can gefe wanda aka kewaye da waya. Aka ce mana Likita, wata Baturiya, ta tafi hutu ƙasarsu. Mai duba baƙi shi ne Malam Bitrus, malamin asibitin, mutumin kudancin Zariya, mai magana a hankali.

Muna jira a kan dakali sai muka ji wata mata ta ƙwala ihu a ciki. Goggo ta taɓe baki. Ita ta rene ni tun ina 'yar shekara biyar. A hannunta aka yi mini zanen fuska ban motsa ba. A hannunta na yi naƙuda yini da kwana, matan gidan ba su sani ba sai da suka ji kukan jaririya. Ta matso ta ce mini ƙasa-ƙasa da Fulatanci:

"Kin haihu ba a ji muryarki ba. Kada ki zo ƙasar mutane ki zubar mana da mutunci a kan allura."

Muka shiga. Malam Bitrus ya dubi fuskata, ya dubi yatsuna, ya ce in rufe ido. Ya soka mini allura a tsakiyar tabon. Zafin ya ratsa har cikin haƙorina.

"Kin ji?"

Na ce, "A'a."

Ya sake sokawa a ɗaya kuncin, ya nutsa ta fiye da ta farko. Na danne yatsun ƙafata a ƙasa.

"Da zafi?"

"Babu."

Na ji jini yana gangarowa zuwa haɓata. Na buɗe ido na ga Goggo ta ɗaga kai, ta ji daɗina. Shi kuwa Malam Bitrus ya yi ajiyar zuciya, ya yi rubutu a wani kati, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Kuturta ce."

Ba mu san me allurar take nema ba. Ba wanda ya faɗa mana, mu kuma ba mu tambaya ba.

Ba a jima ba wata Sista ta shigo da farin zane a hannu. Malam Bitrus ya ce dokar wurin ita ce jariri ba ya zama da uwa mai ciwon, ana renonsa a farin ginin nan da madarar gwangwani. Ya ce, "Sista tana tambaya, kin yarda?"

Yaya zan ƙanƙame 'yar fari a gaban Goggo da baƙon namiji? Na sunkuyar da kai. Suka ɗauka na yarda. Goggo da kanta ta kwance goyon, ita ta faɗi sunan yarinyar aka rubuta. Bayana ya yi sanyi inda cikinta yake kwanciya. Washegari Goggo ta kama hanyar gida, don ba a barin mai lafiya ya zauna. Da za ta tafi ta ce, "Kin yi ƙoƙari." Idonta ya yi ja, amma a bushe.

Aka haɗa ni ɗaki da wata tsohuwa, Iya Kande, mutuniyar ƙasar Bauci. Ba ta da yatsa ko ɗaya a hannu, hancinta ya zauna, amma bakinta ƙalau yake. Da na shiga ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Oho, an kawo mini 'yar Fillo. To ki sani ba ni da saniya, kuma ina minshari."

Kowace safiya idan an kaɗa ƙararrawa sai mu yi layi. Ana ba mu farar ƙwaya wasu ranaku, amma kullum akwai cokali guda na wani mai, da kofin madarar gari, wai don ƙarin ƙarfi. Ranar farko da aka kawo cokalin kusa da bakina na ji ƙarninsa. Matar masunci ce ni, ko a mafarki na san wannan ƙarni. Na tambaya, aka ce man hantar kifi ne daga ƙasar Turawa. Kifi, ga kuma madara a ɗaya hannun! Abin da ya kawo ni nan shi ake ɗura mini. Sai in riƙe man a baki in zaga bayan ɗaki in tofar, madarar kuma in ba Iya Kande. Ta ce, "Allah ya ƙara miki wauta, ni in ƙara ƙiba."

Masu sauran yatsu su ke noman gonar sansani. Tunda nawa goma ne cif, aka ba ni fartanya. Daga hantsi zuwa azahar muna cikin dawa, rana a ka. Tabon ya yaɗu zuwa wuya da bayan hannu, duk inda zane bai rufe ba. Ƙafafuna suka kumbura, in na danna sai yatsa ya bar rami. Fitsarina yana kumfa kamar ruwan sabulu. Na lura ranar da aka yi hadari muka fake, jikina yakan ɗan lafa. Na faɗa wa mai kula da gona, ya ce duk malalaci haka yake cewa.

Nonona kuwa ya cika ya yi tauri. Da la'asar, lokacin da ake jiyo kukan jarirai daga farin gini, sai ya fara zuba da kansa. In zaga bayan ɗaki in tatse shi a ƙasa, in tsaya ina kallon tururuwa suna taruwa. Cikin kukan nan duka ina gane nata, tana da wata 'yar shaƙewa a ƙarshe. Bayan sati uku nonon ya ƙafe.

Ranar Lahadi ake fito da yaran, a jera su a tabarma a bayan waya, iyaye mata su tsaya ta wannan gefe. Ba taɓawa. Matan sukan yi ta kiran sunaye, suna tafi, suna waƙa, wasu suna kuka a fili. Ni sai in tsaya a ƙarshen layi da malafata, ina satar kallo. Ina duba ko ta rame, ko idonta ya yi kwantsa, ko an bar ta a rana. Ban taɓa buɗe baki ba. Na ji wata mai aikin reno tana ce wa 'yar'uwarta, "Waccan mai hular ko a jikinta."

Kewar gida ta fi ci na da safe. A garinmu da asuba za ka ji ana kwance jiragen ruwa, ana buga gora a ruwa, hayaƙin banda yana tashi daga kowane gida, tsuntsaye farare fat a kan fadama. Nan kuwa dutse ne da ƙararrawa. Har na kai ga ina jinkirta tofar da man kifin nan, ina tsoronsa, amma ƙarninsa kaɗai ne abin da ya yi kama da gida.

Wata rana muna zaune a ƙofar ɗaki ina tuƙa mana tuwo, ƙuda ya sauka a kuncina na kore shi. Ya dawo na sake korewa. Iya Kande ta zuba mini ido.

"'Yar Fillo, wa ya gaya miki ƙuda ya sauka?"

"Ji na yi."

"A ina?"

Na nuna mata tsakiyar tabon. Ta matso ta duba wurin. Can ta ce in miƙo mata murfin tukunya. Na kai hannu, zafi ya sa na sake shi ya faɗi.

Ta ce, "La ilaha illallahu. Ni nan ɓera ya ci mini ɗan yatsa ina barci, sai da safe na ga jini. Ke ƙafar ƙuda kike ji? Da Malam Bitrus ya soka miki allura me kika ce masa?"

"Na ce ban ji ba."

"Ba ki ji ɗin ba?"

"Na ji mana, Iya. Kamar wuta."

"To don uban wa kika ce ba ki ji ba?"

"Goggota tana tsaye."

Ta ɗaga dungulmin hannayenta biyu ta dafe kai. "Yarinya, allurar nan tambaya ce! Fatar kuturu ba ta ji. Wanda ya yi ihu a sallame shi, wanda ya yi shiru a ba shi ɗaki. Matar da kuka ji tana ihu ran nan tana gidanta tana cin tuwo da 'ya'yanta. Ke kin yi jarumta, ga ladanki, kina kwana da ni."

Muciyar ta faɗi daga hannuna. 

Sannan ta faɗa mini abin da ban sani ba. Duk shekara da kaka, idan an gama yankan dawa, mota takan zo ta kwashe yaran da suka fara rarrafe zuwa gidan renon yara a wani gari mai nisa. Nata ɗan haka aka tafi da shi. Ta ce, "Yanzu akawu ne, da keke. Yakan zo shekara-shekara ya tsaya a bakin hanya ya ce, sannu Mama. Yaron kirki ne. Bai san ni ba ne kawai."

Ranar Lahadin da ta wuce na ga tawa 'yar ta dafa hannu biyu tana turo gwiwa.

Da gari ya waye na je wurin Malam Bitrus na durƙusa, na ce ƙarya na yi masa, na ji allurar. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Adama, babu wanda ke sansanin nan da bai taɓa zuwa ya ce mini shi ba kuturu ba ne. In na sake soka miki yanzu za ki yi ihu, tunda an gaya miki. Abin da na rubuta Likita kaɗai ke iya sokewa."

"Yaushe za ta dawo?"

"Sai jirgin ruwa ya kawo ta."

Daga ranar dawa ta zama abin tsorona. Ina noma ina duba kanta. Ta yi ciki, ta fitar da kai, ta yi fure, ido ya fara ja. Nakan murza zangarniya in cije ƙwayar, in ta fashe da ruwa in ji sanyi, akwai saura. Ranar da na cije na ji ta yi tauri, sai da na zauna a kunya.

Iya Kande kuwa ta ce sai ta koya mini ihu kafin Likita ta zo. Ba ta da yatsun mintsini, sai ta maƙale muciya a tsakanin hannayenta ta ƙwala mini a ƙauri ba zato. In cije leɓe. Ta ce, "Ji shegiyar taurin kai! Buɗe bakin!" Da na gwada, wani abu ya fito kamar tarin akuya. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Sake. Ki tuna motar kwasar yara." Da na tuna mota sai ya fito, har maƙwabta suka leƙo.

An fara yankan dawa da kwana biyu Likita ta dawo. Doguwar mace ce mai tabarau, Hausarta a karkace amma ana ganewa. Iya Kande ce ta tare ta a hanya, ta ƙi matsawa sai da ta yarda ta duba ni. Ita ba ta ɗauko allura ba. Ta ciro ɗan audiga, ta ce in rufe ido, duk inda na ji an taɓa in nuna da yatsa. Ta shafa a kunci, na nuna. A hanci, na nuna. A wuya, a bayan hannu, ko ɗaya ban kuskure ba. Sannan ta ɗan tsaga fatar kunnena da ta kuncina don ta duba a madubinta mai ƙara girman abu. Tsagar ba ta kai rabin allurar farko ba, amma na ƙwala ihun da sai da ta ja da baya. Daga waje na jiyo Iya Kande tana cewa, "Yawwa 'yata!"

Ta daɗe a kan madubin. Ta sa aka kira Malam Bitrus, suka yi magana da Turanci, na ji ya koma Hausa yana cewa, "Na soke ta har jini, sau biyu." Likita ta juyo ta ce mini, "Don me ba ki faɗa ba?"

Na ce, "A wurinmu mace ba ta cewa ta ji zafi."

Malam Bitrus ya nemi kujera ya zauna. Can ya ce, "Fulani nawa na duba a ɗakin nan?" Ba da ni yake ba. Daga baya ya same ni a waje ya ce in yafe masa. Na ce ni ma ya yafe mini.

Likita ta ce ba kuturta ba ce. Ta ce sunan ciwon lufus, ba a ɗaukarsa, ko ta kwano ko ta nono. Jikina ne yake faɗa da kansa, kamar ya manta ni ce. Rana ce ke tayar da shi, noman da na yi ya ƙara masa ƙarfi, har ya fara taɓa ƙodata. Ta ba ni wasu ƙwayoyi rawaya, ta ce in bar kunun kanwa, in rage gishiri.

Na ce, "Ba kifi da nono ne suka jawo ba?"

Ta ce a'a. Na ba ta labarin kwalaben Kano, na ce ko akwai na gaskiyar a wani wuri. Ta ce man kifi da madara abinci ne, suna ƙara wa jiki ƙarfi, in sha, amma ba su korar ciwon. Ta ce babu kwalbar da ke korarsa, a Kano ko a Ikko ko a ƙasarsu, duk wanda ya ce mini yana da ita kayana yake so. Ƙwayar ma kwantar da shi take yi, zai riƙa tashi.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, zan ga auren yarinyar?"

Ta cire tabarau ta goge shi da bakin rigarta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce, "Ki guji rana."

Da takardar da Likita ta ba ni a hannuna na shiga farin ginin, karo na farko. Yara sun fi ashirin, duk an yi musu aski, duk riga iri ɗaya. An ware wasu gefe guda, waɗanda za su bi mota. Tana cikinsu. Tun daga ƙofa na gane ta. Na nufe ta, wata sabuwar Sista ta tare ni da littafi a hannu.

"Tsaya. Mene ne sunan 'yarki?"

Na nuna ta da hannu.

"Ba nuni na ce ba. Ba zan ba ki yarinya ba sai sunan ya yi daidai da na littafi."

Masu reno sun tsaya suna kallona, har da wadda ta ce ko a jikina. Wata takwas da haihuwarta, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Harshena ya yi nauyi kamar na mai koyon magana.

Na ce, "Sa'adatu."

"Ban ji ba."

"Sa'adatu! Sunanta Sa'adatu, ni na haife ta!"

Aka miƙo mini ita. Ta dubi malafar, ta dubi jar fuskata, ta fasa kuka tana miƙa hannu wurin mai renonta. Na rungume ta tana ture ni. A nan na ji ƙarnin bakinta: man kifi da madara. Wata huɗu kullum ana ba ta su tare. Na buɗe rigarta na duba ciki da baya, na duba bayan kunne da tsakanin yatsu. Fatarta sumul, ko ƙurji babu.

Iya Kande ba ta matso ba da za mu tafi. Ta tsaya nesa ta ce, "Ɗaga mini ita in gani." Na ɗaga. Ta ce, "To kira ta in ji, 'yar Fillo." Na kira. Ta ce, "Kin iya. Tafi, kada ki waiwayo, ba ni da kyan da za a waiwaya."

Mun iso gida ruwa ya janye daga fadama, ana ta yankan shinkafa. Wani malamin makaranta ya karanta takardar a ƙofar gidan Bulama, gaban maigidana da dattawa. Aka kai wa Iya, uwar maigidana, labari ta ce, "To." Ba ta sake maganar kai yarinyar ko'ina ba. Kwanona dai yana nan a jikin danga inda ta rataye shi, yau shekara biyu. Maigidana ya yi mini rumfar kaba, a ciki nake yini ina saƙar tabarma ranar da yatsuna suka yarda. Matan da ke wucewa gona sukan ce, "Sannu da hutawa, matar Bature." Ciwon ya tashi sau uku tun dawowata, na bayan nan sai da na yi wata guda a kwance. A ajin yaƙi da jahilci na koyi wannan rubutu, ina yinsa kaɗan-kaɗan, don in ban kai ba yarinyar ta samu mai karanta mata.

Na faɗa wa Goggo abin da allurar take nufi. Ta saurara har ƙarshe, hawaye ko ɗigo. Ta tashi ta ce za ta duba maruƙa. Ita ma haka aka rene ta.

A kwanon nan na jikin danga muke ci ni da Sa'adatu. Ina kiran sunanta daga rumfa har a jiyo ni a bakin kogi, ana cewa Adama ta baro kunyarta a ƙasar duwatsu. Jiya ta taka ƙayar kifi a tsakar gida, ta zauna ta buɗe baki tana tsala ihu. Iya ta fito da sauri ta ce, "Ke, yi shiru! Mace ba ta kuka a kan ƙaya."

Na ce, "Bar ta, Iya. Ki bar ta ta yi."